Musayar waƙa: Wa ya kashe jaridar Village Voice?

Ɗan Kurmi:
Village Voice ta New York, ku matso ku ji labarinta,
A 1955, unguwar Greenwich aka yanke cibinta,
Dan Wolf da Ed Fancher su ne suka raine ta,
Da Norman Mailer, mako-mako ake buga ta,
Attajirin jaridu Murdoch ya saya a 1977, shi ya karya ƙashin bayanta.

Bazazzagi:
Bakano, ciniki ka sani, tarihi ba naka ba,
Murdoch ya sayar a 1985, jarida ba ta mutu ba,
Ɗan jaridarta Wayne Barrett ya toni asirin Trump, bai ji tsoro ba,
Koma Kwari ka auna atamfa, nan ba rumfarka ba.

Yaya Ladi: Allah ya ƙara basira, Zazzau! Ka kwantar da shi.

Ɗan Kurmi: Yaya Ladi, an san gidan aurenki a Tudun Wada yake. Bawana, karɓi:

Cinikin da ka raina shi ke ba jarida rayuwa,
Tallan gidan haya da na aiki ke biyan masu rubutawa,
1996 ta koma kyauta, kowa na ɗauka yana wucewa,
Shafin intanet na Craigslist ya kwashe tallan, aljihu ya fara ramewa,
Kai da ko goron naira ba ka iya kasawa!

Bazazzagi:
Ɗazu Murdoch, yanzu Craigslist, wanne za mu kama?
Mai shaida biyu a gaban alƙali, ai ya sha kunya tun da hantsi.

Malam Aruli: Tsaya tukuna. Bazazzagi, "kama" da "hantsi" wane amsa-amo ne wannan? Kai kuma Ɗan Kurmi, ɗangonka na uku ya karye, ka cusa masa shekara har ya gurgunce.

Ɗan Kurmi: Allah gafarta Malam, a karin waƙa na Mutadarik na ɗora shi.

Malam Aruli: Wane Mutadarik? Yanka shi ƙafa-ƙafa mu gani.

Yaya Ladi: Malam, na Zazzau ai ganganci ya yi, salo ne.

Malam Aruli: Salo? To madalla.

'Yar Katsina: Na makara, network ne. Ga nawa:

Kuna ta faɗa kan gawa, ba ku faɗi aikinta ba,
Lambar yabo ta Pulitzer uku ta ci, ba ku ambaci ko ɗaya ba,
Carpenter 1981, Feiffer mai zane 1986, ban manta ba,
Schoofs a 2000, kan ƙanjamau a Afirka, bai yi wasa ba,
2017 ta bar takarda, 2018 aka rufe, ba ta daɗe ba,
2021 wani da ya saye ta ya tashe ta, ashe ba ta mutu ba.

Bazazzagi: Amsa-amona kika ara, Hajiya, a dawo mini da shi.

Malam Aruli: Shekara shida a baiti ɗaya! Wannan kalanda ce. Ɗan Kurmi, har yanzu ina jiran ƙafafun Mutadarik ɗin nan.