Ci-rani a tsallaken iyaka: wanda ya taɓa zuwa ya ba mu labari

Ɗan Kamba: Assalamu alaikum. Ƙanena ya matsa sai ya tafi Benin tsinkar auduga bana, wajen Kandi. Don Allah wanda ya taɓa aiki can ko Nijar ya gaya muna yadda ta kaya, musamman batun biya da takardu.

Bakaben Illo: Wa alaikumus salam. Na yi wannan aikin a Banikoara, can Benin. Aiki kam akwai, sefa kuma tana da auki in ka canza ta zuwa naira. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. Ciniki muka yi da baki, mu da mai gona kawai. Da muka gama sai ya ce mu dakata har a auna audugarsa a biya shi. Muna nan zaune garin tuwonmu ya ƙare, muka koma cin bashi wajen mai tuwo. Ƙarshe rabi ya miƙo, ya ce in ba mu yarda ba mu je jandarma. Wa zai je, ba Faransanci, ba takarda? Ƙanenka ya sauka hannun mai masauki a zango, a yanka kuɗin gaban sarkin Hausawa.

Malam na Birnin Kebbi: Yarjejeniyar 1979 ta ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ta ba ɗan ƙasar da ke cikinta damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90, amma da takardar tafiya a hannu. Ƙanenka ya haɗa da katin rigakafin shawara, don a kansa aka tsare ni a shinge sai da na ba da na goro. Nijar dai ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Direban Lolo: Kada ya bi ta Gayan Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka rufe gadar Malanville da ta haɗa Gaya da Benin, lokacin da na je kwale-kwale ake shiga, kuɗin fito kuma ya ninka.

Inna ta Suru: Ɗana, mu ma ba mu tsira ba. Yaran Dosso ta Nijar da ke zuwa yankan shinkafa a fadamarmu, na ga mai gona ya rage musu kuɗin da aka yanka don ya san ba su da wurin kai ƙara. Sai da maigari ya sa baki.

Ɗan Kamba: Na gode. Bakabe, ka turo min sunan unguwar da zangon yake.