Malam ya zagaye "Barth (1965)" da jan biro, ya ce kin gani da idonki?

'Yar Marina ta rubuta:

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga wannan wahalar ta digiri na biyu.

Kundina a kan sana'ar rini ne a birnin Kano, ɓangaren al'ada. Mu 'yan gidan marina ne, kakana har ya koma ga Allah shuɗin baba bai bar faratansa ba, shi ya sa na ɗauki batun. Makon jiya na kai wa malamin da ke duba aikina babi na biyu, na buga shi fes, har da bango. Ranar Litinin na je karɓa, na tarar da jan biro kamar an yanka kaza a kai. Duk sauran gyaran bai dame ni ba sai wuri ɗaya. Na rubuta cewa Barth (1965) ya ce mutanen Kano sun kai 60,000 lokacin da ya ziyarci birnin. Malam ya zagaye jimlar, ya rubuta a gefe: "Kin gani da idonki?"

Da na shiga ofishinsa ko murya bai ɗaga ba. Ya ce wane juzu'i, wane shafi? Na yi shiru. Ya ce to, mutumin da ya rasu a 1865, ta yaya ya wallafa littafi a 1965? Na ƙara yin shiru, ina ta murza bakin mayafi.

Gaskiya ban taɓa riƙe littafin nan ba. A wani tsohon kundi na laburaren sashenmu na ga maganar, na kwashe ta da madogararta, na kuma kwafe sunan littafin daga manazartarsa zuwa tawa. Jiya da daddare na zauna na ƙirga: cikin ayyuka 47 da na jera a manazarta, 19 kawai na karanta da kaina.

Shin dole ne sai na nemo kowanne? Wanda ban samu ba fa, cire shi zan yi ko akwai hanyar da aka yarda da ita? Kuma mene ne sirrin 1965 ɗin nan?

Tsohon Ma'aikacin Laburare ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, malaminki ya yi miki gata. Gara ya kama ki a ofis da a kama ki ranar kare kundi gaban mai jarrabawa na waje.

1965 ba ƙarya ba ce, sake bugu ne. Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a watan Fabrairu 1851. Labarin tafiyarsa ya fito da Ingilishi a Landan cikin juzu'i biyar, a 1857 da 1858. Akwai kuma bugun Amurka mai juzu'i uku, kuma mai juzu'i ukun ne maɗaba'ar Frank Cass ta sake fitarwa a 1965, shekara ɗari da rasuwarsa. Nan ne ɗalibai ke ruɗewa. A bugu mai biyar bayanin Kano yana juzu'i na biyu, a mai uku kuma yana juzu'i na ɗaya. Na sha ganin ɗalibi ya zo da lambar shafi a ɗan guntun takarda, in ɗauko masa littafin, ya buɗe ya tarar ana maganar wani gari dabam, ya ce laburarenmu ne ke da jabun littafi.

A tsarin APA, wato ƙa'idar ambaton madogara a rubutun bincike, in sabon bugun kika karanta, shekarun biyu za ki sa: (Barth, 1857/1965), sannan juzu'i da shafi. In tsohon kika karanta, 1857 kawai. Kuma ba sai kin je ko'ina ba, tsohon bugun yana Internet Archive, laburaren intanet, kyauta. Sai dai ki lura, shi "Kanó" da "Kátsena" yake rubutawa, da alama a kan wasali, wani lokacin in kin sa kwamfuta ta nemo kalmar sai ta ce babu. Bi jerin babuka na farkon littafin da ido.

Wanda kika nema da gaske kika rasa, akwai hanya. Ki ambaci mai maganar na asali, ki ce "kamar yadda wane ya ruwaito", sannan a manazarta ki sa wanda kika karanta kaɗai. APA ta yarda da haka, amma ta ce a taƙaita.

Tunda Kano kike yi, ki kiyayi sunan Smith. Akwai M. G. Smith mai littafin sarautar Zazzau na 1960, akwai matarsa Mary Smith wadda ta rubuta labarin Baba ta Karo a 1954, ga kuma Abdullahi Smith wanda ya kafa Arewa House a Kaduna. Mai kwafe daga kundin wani yakan haɗa su ya mai da su mutum ɗaya. In kin ambaci biyu daga cikinsu, sa harufan farkon sunayensu a cikin rubutu.

Almajirin Zaure ya amsa:

Malama, ni ban yi nisa a boko ba, amma abin da kika kwatanta yana da suna a wajen malaman hadisi. Tadlisi ake ce masa: mai ruwaya ya ce "daga wane", ya sa ka zaci daga bakinsa ya ji, alhali akwai wani a tsakani da ya ɓoye. Ba lallai maganar ta zama ƙarya ba. Matsalar ita ce wanda aka ɓoye ɗin, wataƙila shi ne mai raunin. Ke ma kin ce "daga Barth", kin ɓoye mai tsohon kundin, kuma ba ki san ko shi ma daga wani ya kwaso ba.

Abdullahi ɗan Mubarak, malamin hadisi, ya ce isnadi, wato jerin masu ruwaya, yana daga cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Tambayar da malaminki ya yi miki ita ce dai wadda ake mana a zaure: a wajen wa ka ji?

Mai Kundi Biyu ya amsa:

Baba mai laburare da Malam Almajiri sun faɗi gaskiya, amma mu ma mu faɗi tamu. Wa ya jefa ɗalibai cikin wannan hali? Ana gaya maka babin bitar ayyukan da suka gabata sai ya yi kauri, manazarta in ba ta cika shafuka ba ka yi lalaci. Maƙalar da kake so tana bayan katangar kuɗi, da dala ake buɗe ta. Littafin yana cikin katalog, a kan kanta babu. Data ta yi tsada, wuta sai an ga dama. To me ake so yaro ya yi?

Duk da haka, ƙanwata, ba na ce ki ci gaba ba. Shawarata ta ɗan kasuwa ce: raba 28 ɗin nan gida biyu. Waɗanda hujjarki ta tsaya a kansu, wato adadi, shekara, ko maganar da kika sa cikin alamar zance, dole ki gani da ido. Waɗanda kika jera don ado, irin "masana da dama sun yi bayani", goge su, ba wanda zai yi kewarsu.

Kuma kar ki dogara da Turnitin, manhajar gano kwafe, a nan. Shi kamancen jimloli yake kamawa, bai san ko kin karanta littafi ko ba ki karanta ba. Mafi muni yanzu shi ne manhajojin nan masu rubuta wa mutum amsa. Ni da kaina na tambayi ɗaya maƙalu a kan batuna, ta ba ni sunaye masu kyau, da mujalla, da shekara, da shafi. Na kwana biyu ina nema, wasu babu su a duniya. Tun daga ranar, duk abin da aka ba ni sai na sa sunansa a Google Scholar, in yana da lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, in gwada ta a doi.org. Ki sauke Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ne, ki riƙa rubuta lambar shafi tun lokacin da kike karantawa. Komawa neman shafi bayan wata shida azaba ce.

'Yar Marina ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, Baba, Malam, da Yaya. Na sauke juzu'i na biyu da tsakar dare, lokacin da data ke arha.

Innalillahi. Ashe Barth 30,000 ya ƙiyasta mazauna Kano. Wancan 60,000 ɗin ya kawo shi ne a kan lokacin da kasuwa ke ci, daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da fatake da baƙi ke cika gari. Mai tsohon kundin ya ɗauki babban adadin ya yar da sharaɗin, ni kuma na ɗauka a wajensa ido rufe. Yau da safe na koma laburaren sashe na duba wasu kundaye biyu da suka zo bayansa: jimla ɗaya, adadi ɗaya, babu lambar shafi ko ɗaya. Da na zama ta huɗu.

Abin da ya fi ƙona min rai, 'yan shafuka kaɗan gaba ga Barth nan yana ta bayani a kan saƙa da rinin Kano, yadda kayan ke kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus, har Tambutu. Ainihin abin da kundina ke buƙata ke nan, kuma ba wanda ya ɗauko shi cikin su ukun. Na karanta wa Inna wajen da Hausa, ta ce ai babanta ya sha faɗa musu rinin Kano har Tambutu aka san shi, ba sai Bature ya rubuta ba. Na ce Inna, ke ma za ki shiga manazarta, ɓangaren hira.

Na goge 11 daga cikin na adon. Baba, wata tambayar: tunda a Internet Archive na karanta, adireshin shafin zan sa a manazarta, ko sunan maɗaba'ar Landan ta asali, ko duka biyun?