Bulo ko kankare? Ina son yi wa yara wurin wanka a gida

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sanin gini ku taimaka min don Allah, kaina ya kulle. Ina wani ƙauye ne a yankin Ringim. Bazarar bara ɗana na biyu, mai shekara 9, ya fara fitsarin jini, kuma bai faɗa ba sai da uwarsa ta gani a wandonsa wajen wanki. A asibiti aka ce tsargiya ce, a kududdufin bayan gari ya ɗauko ta. An ba shi magani ya warke, alhamdulillah. Na yi faɗa, na yi duka, har ƙanina na sa yana bin sawunsu, amma da zafi ya taso sai ka ga sun dawo ido jajir, ƙafa duk taɓo. Shi ne na ce gara in yi musu wurin wanka a cikin gida, tunda ina da burtsatse mai sola. Na riga na haƙa rami, na sayi bulo 150. Jiya wani ya ce min bulo ba ya riƙe ruwa. Yaya zan yi?

Tsohon Magini: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka ba mu labarin yaro amma ba ka faɗi abin da muke buƙata ba. Bulon inci nawa ne? Girman ramin fa? Ƙasar jigawa ce ko laka?

Baban Yara: Inci 6 ne. Ramin mita 4 da mita 3, zurfi mita 1. Ƙasar baƙa ce, tana dardarewa da rani.

Tsohon Magini: To ka ajiye bulon nan ka yi katanga da shi. Laka ce, tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, ita da kanta za ta tsaga maka bango. Kankare za ka zuba da rodi mai lamba 12 (kaurin milimita 12), daɓe da bango a ɗaure da juna. Buhun siminti ɗaya, kwanon gini 4 na yashi, kwano 8 na tsakuwa, kada ka bari a ƙara. Ka yi masa ban ruwa aƙalla kwana 7, sannan filasta da maganin hana yoyo. Duk wanda ya gaya maka wata hanya, asarar kuɗi zai ja maka.

Mai Kifi: Baba, da girmanka, amma ni kankaren ne ya cuce ni. Wanda na ba aikin ya rage siminti, ko wata uku ba a yi ba ruwa ya fara tsiyaya ta kusurwa, har yau ina bin sa kuɗina. Tamfal nake amfani da shi yanzu. Malam, ka shimfiɗa tamfal mai kauri kawai.

Tsohon Magini: Kifi ba ya tsalle da ƙafa. Yara biyar cikin tamfal, sati ɗaya sun huda shi. Kai magini ka rasa, ba laifin kankare ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Ni hankalina ba a kan siminti yake ba. Akwai masu rarrafe a gidan? Zurfin mita 1 ya fi ƙarfinsu. Shekara biyu ina roƙon maigidana ya sa wa rijiyarmu murfi, kullum sai ya ce gobe, ko girki nake idona na kanta. Sannan ramin nan lita 12,000 zai ci, jarka 480 ke nan. Wa zai riƙa canzawa? In ya kwana biyu babu kulorin (maganin tsaftace ruwa) zai yi kore, sauro ya samu gida.

Baban Yara: Hajiya, akwai 'yar shekara 2, amma kullum tana bayan uwarta. Ruwan kuma lambu zan riƙa sakar wa. Baba, ba gardama nake ba, amma mai buga bulon a gabana ya buga, mai ƙarfi ne. In na cika ramukansa da kankare fa? Kuɗin rodi ne ba ni da shi yanzu, ga taki zan saya.

Tsohon Magini: Inci 9 ake cikawa, shi ma da rodi a tsaye. Na faɗa maka gaskiya.

Baban Yara: Na ji, na gode. Amma ramin ba zai jira damina ta rufta shi ba. Gobe mai aikin zai zo, zan ji ta bakinsa.

Mai Kifi: Kafin ka ba shi ko sisi, ka je ka ga aikin da ya taɓa yi.