Wa ya taɓa koyar da bincike ta hanyar bai wa ɗalibai matsala?

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ɗora mini kwas ɗin dabarun bincike na 'yan aji uku a zangon nan. Yaran sun haddace ma'anar hasashe da ire-iren samfuri tsaf, amma da zarar an ce su nemo takarda ɗaya mai inganci a kan wani batu, sai su kwaso abin da Google ya fara nuna musu. Ina jin ana maganar PBL, wato a ba su matsala su koyi bincike wajen warware ta. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara. Ajin ya haura mutum 150.

Dattijon Sashe: Wa'alaikumus salam, Malama. Kin kama hanya. Tsarin ya samo asali ne daga makarantar likitanci ta Jami'ar McMaster da ke Kanada a 1969, kuma Howard Barrows na cikin waɗanda suka raya shi. Ana miƙa wa ɗalibai labarin marar lafiya tun kafin a yi musu lacca, su zauna 'yan kaɗan su tantance abin da suka sani da wanda ba su sani ba, sannan su fita nema. Jami'ar Maastricht ta Holan ta mayar da shi matakai bakwai. Ba sai kin bi su duka ba, amma na biyar kada ki bari ya kuɓuce miki: ƙungiya ta rubuta da hannunta tambayoyin da za ta je ta nemo amsarsu. A nan binciken yake farawa.

Sabuwar Malama: Na gode, ranka ya daɗe. To wace irin matsala zan ba su?

Dattijon Sashe: Wadda suke gani da idonsu. Kada ki ce "talauci a Arewa", wannan ba ta da bakin kamawa. Ki ce musu: da rani kwandon tumatir yana faɗuwa warwas a Kura da Kadawa har manomi ya rasa mai saye, damina na shigowa kuma sai ya gagari talaka. Ƙungiyar manoma ta zo neman shawara, me za ku gaya mata? Za ki ga ajin ya rikice da gardama. Wani ya ce rashin wurin ajiya ne, wata ta ce dillalai ne, wani ya tuno tsutsar nan Tuta absoluta da ta cinye gonaki a 2016. Duk wanda ya yi magana ki tambaye shi, a ina ka samo? Shirun da zai biyo baya shi ne darasinki na farko.

Na Laburare: Malama, roƙona ɗaya: kada ki turo mana su a makon farko. Zagayen laburare da ake yi wa sababbin ɗalibai ba ya zama a kai, domin a lokacin ba abin da suke nema. Ki bari sai sun rubuta tambayoyinsu sun je sun yi karo da bango, sannan ki kira ɗayanmu ya shigo aji na awa ɗaya. Da tambayar tumatir ɗin zan nuna musu Google Scholar, da AJOL inda mujallun Afirka suke, da AGORA na harkar noma a ƙarƙashin Research4Life, shirin da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa mujallun bincike, in makarantarku ta yi rajista. Su sauke Zotero, kyauta ne, shi zai riƙe musu manazarta.

Abin da na fi so kuma, kowace ƙungiya ta ajiye littafi ɗaya na eksasais. Su rubuta kalmomin da suka saka a nema, da inda suka nema, da takardun da suka ɗauka, da waɗanda suka watsar tare da dalilin watsarwar. Na taɓa duba irin wannan littafi inda wata yarinya ta rubuta, "Mun bar wannan domin mutum goma sha biyu kawai aka tambaya, duk a kasuwa ɗaya." Wadda ta iya rubuta haka ta fahimci samfuri.

Mai Ƙididdiga: Ni ina da ja, ku yi haƙuri. A 2006 Kirschner da Sweller da Clark sun yi rubutu mai ƙarfi cewa sakin ɗalibi sabon shiga ya lalubo wa kansa hanya ba ya haifar da ɗa mai ido, kuma na ga hakan a aji. McMaster ƙananan ƙungiyoyi ne, kowacce da mai ja mata gora. Malama ita kaɗai ce a gaban 150. Idan aka ce "ku je ku bincika" aka juya baya, mutum biyu ne za su yi aikin, sauran su sa suna.

Dattijon Sashe: Gaskiyarka, Malam, kuma waɗanda suka mayar musu da martani ma ba su ce a saki ɗalibi ba, cewa suka yi PBL na ƙwarai cike yake da jagora. Ga yadda nake yi da babban aji. Ƙungiya ta mutum shida ko bakwai, matsala ɗaya ga kowa domin malami ya iya riƙe zaren. Kowane zama ya fara da minti ashirin na lacca a kan abin da suka makale a kansa a makon, ba abin da ke gaba a manhaja ba. In akwai ɗaliban digiri na biyu a sashen, a roƙi biyu ko uku su riƙa zagayawa.

Mai Ƙididdiga: In haka ne na yarda. To a ƙara da wannan: kafin su fita da takardar tambayoyi, su fara duba alƙaluman da ke ƙasa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin kayan abinci wata-wata, har da tumatir. Su zana shi a Excel su ga watannin hawa da sauka. In za su shiga kasuwa, KoboToolbox na tattara amsoshin tambayoyi yana aiki a waya ko babu intanet.

Ɗan Tamale: A wajenmu Gana, Jami'ar Nazarin Ci Gaba (UDS) da ke Tamale tana tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka a zango na uku su yi nazarin matsalolin al'umma. Abin da zan ƙara, 'yar'uwa, a koya musu shiga da sallama. Su fara zuwa wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa, su faɗi ko su wane ne da abin da za a yi da amsoshin, wanda ya ƙi magana a ƙyale shi.

Sabuwar Malama: Allah ya saka. Saura maki. Ya zan hana 'yan sa suna? Ga kuma ChatGPT.

Na Laburare: Kowace manazarta su kawo takardar kanta ko lambar DOI ɗinta, wato lambar shaidar takarda a intanet, domin ChatGPT yakan ƙirƙiro sunan takardar da babu ita a duniya. Ki ɗauki biyu daga jerin ki buɗe a gabansu.

Dattijon Sashe: Maki kuma ki raba shi uku: rahoton ƙungiya, littafin neman da Malam na laburare ya faɗa, da shafi ɗaya da kowa zai rubuta shi kaɗai a aji. Ranar gabatarwa ke za ki nuna wanda zai tashi, ba su ba. Ki sanar da su wannan tun ranar farko.

Sabuwar Malama: Zan fara da tumatir ɗin na mako huɗu in sha Allah. Malam na laburare, ka shirya, a mako na biyu zan neme ka.