Cinikin ba ni gishiri in ba ka manda: doka ta yarda? Lampo fa?

Uwar Sadiya, Garwa

Assalamu alaikum. Tambayata ga masana doka da lampo, wato haraji. Wata ƙungiyar mata ce a nan Garwa, suna matsar man gyaɗa, suna toya ƙuli-ƙuli, suna haɗa sabulu. Wani kaso na kayan ba da kuɗi yake fita ba. Ran Lahadi a kasuwar Pitowa manoma sukan ba da dawa ko masara su karɓi mai ko sabulu, wani sa'in da ɗan ciko. Doka ta yarda da haka? Tunda kuɗi bai shiga hannu ba, akwai lampo a kai? Kuma me za a rubuta a kaye, wato littafin lissafi?

Magatakarda, Marwa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Doka ta yarda, har babi ta ware masa. Dokar mu'amala da Kamaru ta gada daga Faransa, wadda ke aiki a jihohin arewa, ta yi maganar musaya daga sashe na 1702 zuwa 1707. Sashe na 1703 ya ce da zarar an shirya, ciniki ya ƙullu, kamar saye da sayarwa. Na 1707 kuma ya ɗora wa musaya sauran hukunce-hukuncen sayarwa. Ke nan idan man ya yi ɗoyi, ko sabulun soda ta yi masa yawa yana cin hannu, alhakin ɓoyayyen aibi yana kan wadda ta yi shi, ba ta da ta cewa ai ba kuɗi aka ba ta ba.

Sassa biyu ya kamata matan su riƙe. Na 1706: ba a warware musaya don wani ya dawo ya ce an cuce shi a farashi. A duba dawar tun a wurin, a soka hannu har gindin buhu, don ƙwari da tsakuwa can suke kwanciya. Na 1704: in ta tabbata dawar da aka kawo ba ta mai kawowar ba ce, ba za a tilasta musu ba da man ba, mayar da dawar kawai za su yi.

Abin da musaya ba ta yi shi ne halatta abin da aka hana sayarwa. Maganin asibiti, fetur ɗin fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa, jakar fatar dabbar da doka ta kare, duk laifin yana nan ko da da gero aka biya. Haka ƙulla ƙuli-ƙuli a siririyar leda, wadda aka hana tun 2014.

Akanta, Ngaundere

Ga ɓangaren lampo. A wurin ma'aikatar haraji musaya ciniki biyu ce a haɗe: kin sayar da mai, kin sayi dawa. Kundin haraji ya lissafa ta cikin sayarwa, kuma ƙimar da ake ɗauka ita ce kuɗin kayan da aka karɓa, a tara da cikon da aka riƙe.

Misali, da farashin kwatance. Jarka mai lita 20, lita a sefa 1,500, ta kama 30,000. Manomi ya ba da buhun dawa na 25,000 da ciko 5,000. A shafin shiga a rubuta 30,000, a raba: 5,000 kuɗi hannu, 25,000 kaya. A shafin fita a rubuta sayen dawa 25,000. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a rubuta 5,000 kaɗai. Sai kaye ya nuna an sayi gyaɗa buhu-buhu, an biya injin markaɗe, amma man ya ɓace. Wannan gibin shi mai bincike yake fara gani, kuma shi ke haddasa zargi tsakanin 'yan ƙungiya ranar rabon riba.

TVA, wato harajin kashi 19.25 cikin ɗari da ake ɗora wa kayan sayarwa, ba ta shafi matan ba sai cinikin shekara ya kai sefa miliyan 50. Abin da ya shafe su shi ne IGS, dunƙulallen lampon da dokar harajin ƙananan hukumomi ta Disamba 2024 ta kawo a madadin tsohon lampon liberatuwar. A kan jimlar ciniki ake yanka shi, ba a kan riba ba, kuma hawa-hawa ne. Ƙasa da 500,000 a shekara, 20,000. Daga 500,000 zuwa ƙasa da miliyan, 30,000. To mai cinikin kuɗi na 450,000 da musayar 120,000 ta kai 570,000, ta haura hawa na biyu ko ba ta sani ba. Lampo kuwa ba a biyansa da dawa, don haka a ware kuɗinsa daga cinikin hannu tun farkon shekara. Tikitin kasuwa na meri, wato ƙaramar hukuma, daban yake, ana biyansa ko musaya aka zo yi.

Uwar Sadiya, Garwa

Allah ya saka da alheri. To maƙwabciya da ta ba da kwalbar mai ta karɓi tasar gero fa, ita ma sai ta yi rajista?

Akanta, Ngaundere

A'a, Hajiya. Sana'ar da ake yi a kai a kai don riba ita ake bi, ba taimakon juna ta kan katanga ba. Ita kuwa ƙungiya mai kai kaya kasuwa duk mako, sana'a take yi. Ta nemi NIU, lambar shaidar mai biyan lampo, a ofishin lampo, masu aikin hannun su shiga rajistar meri bisa dokar sana'ar hannu ta 2007. Mai aiki ita kaɗai tana iya ɗaukar matsayin ƙaramin mai sana'a da dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ta kawo a 2010. Sharaɗinsa kaye na kullum, a bambanta abin da aka biya da kuɗi hannu da wanda aka biya ta wata hanya, a ajiye shi shekara biyar. Musaya a wannan layi na biyun take shiga. Kowane layi ya ɗauki kwanan wata, sunan mutum da ƙauyensa, ma'auni, da farashin ranar. Ma'aunin nan a fayyace shi, tasa shafe ko mai tozo, don rigimar da ke kaiwa gaban jauro, wato mai gari, yawanci daga nan take tashi.

Malam na Kusiri

Akwai gefen da ba a taɓo ba, kuma 'yan'uwa mata za su so saninsa. Abin da dokar ƙasa ta bari, ba duka fiƙihu ya bari ba. A mazhabar Malikiyya abinci da abinci sai hannu da hannu. In jinsi ɗaya ne, kamar dawa da dawa, sai ma'auni ya zo daidai, ko da ɗaya ta fi kyau. In jinsi ya bambanta, kamar mai da dawa, fifiko ya halatta, jinkiri ne bai halatta ba. Ke nan a ba manomi mai da damina a ce ya kawo dawa da kaka, bai inganta ba. Sabulu ba abinci ba ne, ana iya ba da shi yanzu a karɓi dawa daga baya, muddin an yanka ma'auni, irin dawar da lokacin. A kuma guji ba da mai a karɓi ɗanyar gyaɗa, domin ba a san yawan man da ke cikinta ba. Mafita mai sauƙi ce: a sayar da man da kuɗi, a sayi gyaɗar da kuɗin.

Masu tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena kuma su sani rashin faktir, wato rasiɗin kaya, ba ya hana duwan, jami'an kwastan, yi wa kaya kuɗi, da farashin irinsu suke ƙiyastawa. Ma'aunin can koro ne, ba tasarmu ba, a auna guda a gaban juna kafin a fara ƙirga.