Balan-balan ɗin tallanmu ya ƙi tsayuwa waje ɗaya, ko fukafukan ne?

Ɗan Karantina:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar nan. Ina aiki a wata warsha, wato shagon ƙera kaya, nan Jidda, kayan tallan buɗe shago muke yi, allon suna, tutoci, da irin mutumin ledan nan mai rawa da ake kunna wa bulowa a bakin ƙofa. To wata uku kenan mai warshar ya sayo babban balan-balan mai siffar kifi, tsawonsa mita 6, kaurinsa a tsakiya ya ɗan haura mita 2, ledar PVC ce, heliyum ake ɗura masa, gas ɗin nan marar nauyi mai sa balan-balan tashi sama, kuma ni aka damƙa wa shi. Yana da fukafukai huɗu a wutsiya, su iskar banza ake hura musu da famfo kamar katifar yara.

Da safe lafiya lau yake tsayuwa, kowa ya wuce sai ya ɗaga kai, amma da an yi azahar iskar teku ta taso sai ka ga fukafukan sun yi laushi suna kwanciya, sai ya fara kai kawo hagu da dama, can kuma ya ba iska gefe ya sulmiyo ƙasa da hanci. Ranar Alhamis a wani shagon turare da muka yi wa aiki sai da ya sauko ya goga jikin turken fitila, fiffike ɗaya ya yage, wlh cikina sai da ya ɗuri ruwa don akwai yara a wurin suna kallo. Yanzu mai gida yace in cire fukafukan gaba ɗaya tunda a ganinsa ado ne kawai kuma suna ƙara nauyi, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Shin a cire, ko a ɗinka wasu, in ɗinkawa za a yi da me, kuma nawa ne girman da ya dace? Ga bikin ranar ƙasa ta Saudiyya 23 ga Satumba na matsowa, har an karɓi kuɗin mutane biyu.

Abu Safwan, Zahran:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka cire, dan Allah kar ka yarda a cire. Fukafukan nan su ne gaba ɗaya abin da ke sa shi fuskantar iska. Jiki mai siffar kifi in babu komai a wutsiyarsa baya son tsayuwa hanci gaba, da iska ta ɗan karkace sai ta tura hancin gefe ta ƙara tura shi, shi kuma ya juya ya ba ta faɗin cikinsa. Wani masani Bajamushe da yai aiki a Amurka, Max Munk, shi ya yi lissafin wannan juyin tun shekarun 1920 akan jiragen balan-balan, har yau da sunansa ake kiran abin.

In mai gidanka bai gamsu ba, ka gwada masa a idonsa. Samo gorar ruwa ta roba babba, ka ɗaura mata zare ɗan gaba kaɗan da tsakiya ka rataye ta gaban fanka, zaka ga tana ta juyi tana ba fankar gefe. Sai ka yanko kwali guda uku ka manna da salatif a gindinta ka sake ratayewa, nan take zata miƙe ta kalli fanka. Minti biyar ya isa, kuma ya fi ka yi ta musu da shi.

Sannan abin da ka faɗa na azahar yana da dalili biyu ba ɗaya ba. Na farko ƙarfin turin iska ba ɗaya bayan ɗaya yake hawa ba, in gudunta ya ninka biyu turin ninki huɗu yake yi, kenan iskar safe mai kilomita 10 a awa da ta la'asar mai 30 bambancinsu ninki tara ne, fiffiken da aka hura da famfo ba zai iya riƙe kansa ba sai ya lanƙwashe, kuma fiffiken da ya lanƙwashe daidai yake da babu. Na biyu zafi ne. Gas na kumbura da zafi, daga digiri 25 zuwa 45 yana ƙara wajen kashi 7 cikin ɗari, leda kuma tana saki ta yi taushi a rana, in akwai ɗan ƙaramin yoyo a bakin toshiya to lokacin ne zai zubar.

Wannan matsalar tsohuwa ce sosai. A yaƙin duniya na ɗaya sojoji na ɗaure balan-balan su hau kwando suna leƙen abokan gaba, mai zagaye kamar ƙwallo iska ke wasa da shi har mutumin ciki ya kasa ganin komai, Jamusawa suka yi amfani da dogo mai kamar tsiran turawa da Parseval da Sigsfeld suka ƙirƙiro tun kafin yaƙin, sai wani injiniyan Faransa Albert Caquot ya zo da mai fukafukai uku masu kauri a wutsiya, tsakanin kowanne da ɗan uwansa digiri 120. Dabarar da ta fi burge ni a nasa ita ce iskar da ke kaɗawa ita ke cika fukafukan ta wani baki da aka buɗe yana kallon gaba, wato duk yadda iska ta ƙara ƙarfi haka suke ƙara tauri. Irin siffar ce aka yi ta ɗagawa saman Landan a yaƙin duniya na biyu. Naku kuma akasin haka ne, iska na ƙaruwa suna sanyi.

Baba Tela, Shara Mansur:

Yaro sannu da ƙoƙari, Allah ya tsare gaba. Ni ban yi boko ba amma shekara ta talatin da wani abu ina ɗinkin hema da tamfol a Makka, kuma an sha kawo min irin wannan gyaran. Abu na farko, kar allura ta taɓa jikin balan-balan ɗin ko sau ɗaya. Heliyum ba iskar taya bace, ko ledar lafiya lau take yana tsiyaya ta jikinta a hankali shi ya sa kullum sai an ƙara, balle ka huda. Abin da ake yi, sai ka yanko faci na PVC zagaye kamar faɗin tafin hannu, ka ɗinka masa madauki na ɗamara tukuna a keke, sannan ka manna facin a jiki da gam ɗin PVC, ka goge wurin tas kafin nan, ka ɗora masa nauyi ya kwana. Zagaye nace, don in mai kusurwa ne daga kusurwar yake fara ɓantarewa.

Fiffiken kuma ka nemi yadin nailan marar nauyi irin na laima mai ɗan zanen murabba'i a jiki, wanda in ya huje yagewar bata tafiya. Ka ɗinka masa aljihu a bakin gaba da na sama, ka zura sandunan faiba na ƙaramar hemar nan ta zuwa daji, ana samun su a shagunan kayan rihla, wato fita shaƙatawa daji, da araha. Bakin sandar ka sa masa hular roba ka ninka yadi uku a wajen, in ba haka ba wata rana shi zai huda maka balan-balan. Daga nan sai siririyar igiya daga kan kowane fiffike zuwa na kusa da shi, da kuma zuwa faci a jiki hagu da dama, ka ja su daidai yadda in ka tura da yatsa zai dawo. Wannan igiyoyin su ne mutane ke rainawa, alhali su ke riƙe komai.

Kar ka sa katako, kar ka sa bututun ruwa. Na ga wanda ya sa, wutsiya ta rinjayi kai, abu ya tashi yana kallon sama kamar raƙumi zai miƙe.

Abu Safwan, Zahran:

Baba ya faɗi gaskiya akan nauyi, bari in sa lamba a kai. Kubik mita ɗaya na heliyum kilo ɗaya da ɗan ɗigo yake ɗagawa, da zafin Jidda ma ɗan ƙasa da haka don iska mai zafi ta fi sauƙi. Naka da girman da ka faɗa bai wuce kubik 15 ba, kilo 15 kenan, ledar kanta zata iya cinye rabi, saura igiya da tutar talla da fukafukai. Ka rataya masa sikelin jaka ka ga kilo nawa yake ja a inuwa, in abin da ya rage bai kai kilo uku zuwa huɗu ba iska kaɗan zata kwantar da shi komai kyan fiffikensa. Shi ya sa ni zan ce ka yi uku maimakon huɗu, ɗaya a sama biyu a ƙasa sun buɗe, amma kowanne ya fi na da faɗi, kuma ka ja su baya iyakar inda wutsiya zata iya ɗauka.

Wad Mai Wurno, Riyad:

Salam ya jama'a. Ni ɗan Sudan ne, Mai Wurno aka haife ni kusa da Sinnar, na yi wannan aikin a Umdurman kafin yaƙi ya taso da mu, yanzu ina Riyad. Duk abin da suka faɗa haka ne amma akwai wanda ba a taɓo ba kuma shi ya fi ba ni wahala lokacin ina koyo, wato inda igiya ta kama. Ya kai ɗan uwa, igiyarka guda ɗaya ce a ƙarƙashin ciki ko kuwa da yawa ne suka haɗu waje ɗaya? Don in mahaɗar ta yi baya, ko fiffiken jirgin sama ka sa masa sai ya juya, in kuma ta yi gaba da yawa hanci zai duƙa iska ta danne shi ƙasa. So ake hanci ya ɗan ɗaga sama kaɗan, kaɗan fa, yadda iska zata shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi kamar jirgin takardar da yara ke tashi da zare. Mu igiya shida muke yi, uku kowane gefe, su haɗu a zobe ɗaya a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na gaban balan-balan ɗin, sai mu sa ƙarfen nan mai juyawa na masu kamun kifi babba tsakanin zoben da doguwar igiya don kar ta murɗe. Kana gyarawa kana gwadawa a mita biyar, taƙi ɗaya taƙi ɗaya, har ya daina rawa.

Kuma don girman Allah ka sa wa kanka iyaka. Ni da idona na ga habub, wato guguwar ƙura, ya taso a Khartum bayan la'asar, jan bango daga ƙasa har sama, kafin mu naɗe rabin igiya ta yanke tafin hannun abokin aikina don bai sa safar hannu ba, balan-balan ya tafi har yau. Babu fiffiken da ke maganin irin wannan. Ku a Jidda kuna da iskar azyab mai zuwa daga kudu da ƙura, kuma duk wanda ke ƙasar nan a 2015 bai manta iskar da ta kada kuren, injin ɗaga kayan gini, a Harami ba, sama da mutum ɗari suka rasu, Allah ya jiƙansu. Ni ƙa'idata in hasashen hukumar yanayi ya nuna za a haura kilomita 30 a awa bana ɗagawa, ko mai shago zai yi fushi ya yi. Igiya biyu kake so a ƙasa, kowacce da abin ɗaurinta daban, kuma nesa da wayar wuta fiye da tsawon igiyar. Sannan maganar tasrihi, wato takardar izini, ka tabbata mai gidanka ya bi ta baladiyya, hukumar birni kenan, in kuma wajen arewacin Jidda ne kusa da filin jirgin Sarki Abdul'aziz to sai an tambayi hukumar jiragen sama GACA, kar a bar ka kai kaɗai da iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar, a gaba in wani abu ya faru.

Wani zai zo ya ce maka heliyum ya yi tsada a sa haidirojin. Kar ka saurare shi. Tsadar gaskiya ce, ƙasashe kaɗan ke fitar da shi, Amurka da Katar da Aljeriya suna cikin manya, amma haidirojin wuta ne, shi ya cinye jirgin Hindenburg a 1937, kuma kai a bakin shago kake inda ake kunna turaren wuta da sigari.

Ɗan Karantina:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, ban taɓa zaton zan samu bayani haka ba. Yaya na Riyad ka gano ni, igiya huɗu ce amma da na auna ɗazu sai na tarar biyun gaba sun fi na baya tsawo da kusan kamu ɗaya, ina jin tun ranar da aka kwance su aka wanke aka mayar ba daidai ba, kenan mahaɗar ta koma baya ban sani ba. Na yi gwajin gora a gaban mai gida bayan sallar isha, ya tsaya yana kallo ya ce in sake, na sake, sai ya ciro riyal ɗari biyu yace in je in sayo yadi da sanduna. Baba na samu sandunan a wani shago wajen Balad, amma kala biyu ne, akwai mai kaurin milimita 6 akwai mai 8, wanne zan ɗauka? Kuma tsofaffin fukafukan da aka like a jiki, in yanke su ne ko in sace iskar in bar su?

Baba Tela, Shara Mansur:

Ɗauki mai shida, ya isa, mai takwas nauyi ne kawai. Tsofaffin ka yanke da almakashi amma ka bar kamar yatsa uku daga jiki, kar ka ce sai ka ɓamɓare likin, zai taho da ledar. Wannan bakin da ka bari ma zai maka amfani, sai ka ɗinka gindin sabon fiffiken a jikinsa tunda ba ya taɓa gas. In ka gama kar ka ɓata heliyum wajen gwaji, ka hura masa iskar bulowa a cikin warsha ka rataye shi ka duba ko ukun sun miƙe daidai da juna, ka tsaya ta baya ka runtse ido ɗaya. In Allah ya kawo ka Umra kafin lokacin ka taho da fiffike ɗaya in duba ɗinkin.