Kiristal, lu'ulu'u ko ƙarau? A zo a raba gardamar nan

Salam jama'a. Masana Hausa ku matso kusa, kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya. Irin gilashin nan mai nauyi da ake sassaƙa masa zane, in haske ya doke shi ya riƙa walainiya, in ka ɗan ƙwanƙwasa bakin kofin da farce ya ɗau ƙara tiiiin ya jima bai yi shiru ba, wanda Bature ke kira crystal, Rashawa kuma khrustal. Meye sunansa da Hausa?

Labarin wani gari nake son rubutawa a Rasha, jihar Vladimir gabas da Mosko, sunan garin kansa Gus-Khrustalny. Gus sunan kogin wurin ne, ma'anarsa dinya, sai aka liƙa masa sunan gilashin. Toh kun ga ba damar in zille wa kalmar tunda tana cikin sunan garin.

Asalin kafuwarsa ma abin dariya ne, korar masu yin gilashi aka yi. A 1747 zamanin sarauniya Elizabeth gwamnati ta hana masana'antun gilashi zama kusa da Mosko, wajen kilomita 200 da 'yan kai, saboda tanderunsu itace suke ci ba dare ba rana har daji ya fara ƙarewa. Shi ne wani ɗan kasuwa Akim Maltsov ya kwashi ma'aikatansa ya nausa cikin dajin Meshchera inda ga itace ga yashi ga ruwa, ya kafa masana'anta bakin kogin Gus a 1756. Gari ya tashi a kewayenta.

Wani ɗan'uwa ya ce min kawai a rubuta kiristal a huta, ai haka muka yi wa kwamfuta da intanet. Yallaɓai na ji ka, kuma ba ƙin aro nake ba, gilashin ma ai aro ne. Amma ka faɗe shi da baki a rediyo ka ji, "kofin kiristal", rabin masu saurare kofin Kirista za su ji, a shiga wata muhawarar da ba ita aka zo yi ba. Kwamfuta ba mu da ita shi yasa muka ara, wannan kam ina ganin akwai abin da za mu tono a gida.

Sai wata Anti ta ce lu'ulu'u, wai haka take gani a fassarori da yawa. Anti da girmamawa, a nan ne na ƙi gaba ɗaya, kuma labarin gidan Maltsov ɗin da kansa ne ya hana ni. Jikan Akim, Ivan Maltsov, yana saurayi sakatare ne a ofishin jakadancin Rasha a Tehran ƙarƙashin jakada Griboyedov. A watan Fabrairu 1829 jama'ar gari suka afka wa ofishin suka kashe jakadan da mutanensa, Ivan ya ɓuya, cikin manyan ma'aikatan shi kaɗai ya fita da rai. Don a lallashi sarki Nikolas na ɗaya sai Farisa ta aika jikan sarkinta Khosrow Mirza da kyauta, cikin kyautar har da wani ƙaton dutse mai daraja da ake kira Shah, yana nan a Mosko har gobe. Wannan dutsen shi mutanenmu za su kira lu'ulu'u ko daimon. Shi kuma Ivan da ya dawo gida ya karɓi ragamar masana'antar Gus, a hannunsa ta shahara da irin gilashin da muke magana. To in na ce an ba sarki lu'ulu'u diyya, wanda ya tsira kuma ya koma yana dafa lu'ulu'u a tanderu, wa zai gane me nake nufi? Dama kalmar ta riga ta ɗau kaya, na cikin teku lu'ulu'u, daimon lu'ulu'u, kar mu ƙara mata na uku.

Wani malami kuma ya kawo "gilashin dalma", shi ya fi kowa gaskiya ta fuskar ilimi. Don abin da ya raba shi da kwalbar lemo ke nan, ana zuba sinadarin dalma cikin yashin da ake narkawa, a ƙa'idar Turai sai ya kai kashi 24 cikin 100 kafin a ba shi cikakken sunan. Dalmar ce ke ba shi nauyi da ƙyalli da wannan ƙarar, ita ke sa shi laushin da za a iya yanka shi da dutsen niƙa. Wani Bature George Ravenscroft ya fito da dabarar a Ingila wajen 1674. Malam na karɓa, a littafin kimiyya haka zan rubuta. Amma fa je ka Kantin Kwari ko Sabon Gari ka ce wa Hajiya ga kofunan dalma na jeren amarya, bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, wlh ko kallonsu ba za ta yi ba.

Ni dai ƙarau na tsaya a kai. Kalmarmu ce tun kafin zuwan gilashi, iyayenmu mata sun sa awarwaron ƙarau, Masagan Bida, masu sana'ar gilashi ta gargajiya, har yau suna narka shi, kuma a wajen tafsiri in malam ya zo kan kalmar ƙawarira a Suratul Insan kofunan ƙarau za ka ji an ce. Na san za a ce ai ƙarau kowane gilashi ne a da. Haka ne, sai dai yanzu wa ke ce wa gilashin mota ko na taga ƙarau? Gilashi ya kwashe duk wannan aikin, ƙarau ya rage sai abin ado mai sheƙi mai saurin fashewa, wato ya zauna daidai inda muke neman mai zama. Ga shi kalmar ma da kanta ƙara take yi a baki.

Bari in gwada ta cikin sauran labarin ku ji ko ta zauna. Ivan ya rasu a 1880 bai bar ɗa ba, dukiyar ƙarau kaf ta faɗa hannun ɗan 'yar'uwarsa Yuri Nechaev, wanda ya ƙara Maltsov a sunansa. Shi wannan hannunsa a buɗe yake. Gidan tarihin zane-zane na Mosko da aka buɗe a 1912, wanda yanzu ake kira na Pushkin, kusan rubul miliyan 2 ya zuba a ginin, mafi yawan kuɗin ke nan daga aljihun mutum ɗaya. A Gus kuma ya gina wa ma'aikata ƙatuwar majami'a ta jan bulo, Leonty Benois ya zana ginin, Viktor Vasnetsov ya yi zanen ciki. Bayan juyin juya hali gwamnati ta ƙwace masana'antar a 1918, majami'ar ta daina aiki, yau kuma ita ce gidan tarihin ƙarau. A ciki akwai wani damin furanni na gilashi da mutanen garin ke ba da labarin wai wani ma'aikaci Razumey Vasilyev ya yi wa 'yarsa mara lafiya da ta roƙi furanni ana tsakiyar hunturu ƙanƙara ta rufe ko'ina. Allah sarki.

Kun ji dai, dukiyar ƙarau, gidan tarihin ƙarau, ba inda harshe ya yi tuntuɓe. Garin ma in za mu fassara sai mu ce Dinyar Ƙarau, ko da yake sunan gari ba a taɓa shi.

Saboda haka a rubutuna: ƙarau ga kayan, kofin ƙarau, fitilar ƙarau, in ana tsoron ruɗani da awarwaro a ce gilashin ƙarau sau ɗaya a farko, gilashin dalma kuma a bar wa aji. Abin da ya rage min shi ne mai yanka zanen a jikinsa, masassaƙin ƙarau za mu ce ko magyarin ƙarau? 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi ku ma ku faɗa mana yadda kuke kiransa a kasuwanninku, kar mu yanke a Kano mu kaɗai.